Yadda Na Gano Cewa Manhajar Riga-kafi Ce Ke Danne Mini Kwamfuta

Ni malamin makarantar sakandare ne a Kano, kuma ni aka ɗora wa alhakin haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibai a ƙarshen kowane zango. Aikin ba ya yiwuwa sai da kwamfuta, saboda haka shekaru uku da suka wuce na sayi laftof ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga ƙasashen waje, mai Windows 10 da ram, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aikin da ake kan yi, gigabait 4, da faifan ajiya na tsohon yayi mai juyawa, wanda yake ɗaukar gigabait 500. Ba ta da wani ƙarfi na a zo a gani, amma ta ishe ni rubuta tambayoyi a Word da jera makin ɗalibai a Excel, kuma ta yi mini wannan hidima fiye da shekara biyu ba tare da ta ba ni wahala ba. Abin da zan ba da labarinsa ya faru ne a makonni uku na ƙarshen zango na biyu, kuma na ga ya dace in rubuta shi daki-daki, domin tun daga lokacin na haɗu da mutane da dama da suke fama da irin wannan matsala, suna kashe kuɗi a inda cutar ba ta kwana ba.

Mafarin abin shi ne wani filash da wani abokin aikina ya miƙo mini ɗauke da makin ajinsa. Ina soka shi na ga duk foldojin da ke ciki sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a gefe, da na danna ɗaya sai ba abin da ya buɗe. Duk wanda ya saba kai filash shagon buga takardu ya san wannan bairos, wanda yake ɓoye ainihin fayiloli ya ajiye na bogi a gurbinsu. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin makin ɗalibai sama da ɗari huɗu yana cikin kwamfutar nan kuma ba ni da kwafinsa a ko'ina. Da daddare ɗan yayata ya zo gidan, ya ce, “Kawu, bari in sauko maka da antibairos na kyauta, yanzu zai share shi.” Na kunna masa data daga wayata, ya sauko da manhajar, ya riƙa danna maɓallin ci gaba a kowane shafi da ya fito ba tare da ɗayanmu ya tsaya karanta abin da aka rubuta ba. Gaskiya ta yi aikin da aka kira ta ta yi, domin ta kama bairos ɗin, fayilolin suka dawo, na kwanta da farin ciki.

Ba a yi kwana uku ba na fara ganin canji. A da in na kunna kwamfutar, kafin in gyara zama in buɗe rajistar aji ta gama tashi, abin da bai wuce minti ɗaya da rabi ba. Yanzu sai in kunna ta in je in yi alwala in yi sallar Isha'i in dawo, in tarar tana nan tana juya 'yar da'irarta. Na taɓa duba agogo, sai da ta ɗauki minti goma sha biyu kafin ta bar ni in buɗe Excel. Fankar cikinta ta shiga kuka ba ƙaƙƙautawa ko da ban taɓa komai ba, 'yar fitilar faifan ajiya da a da take ƙyaftawa jefi-jefi ta tsaya cak a kunne, kuma gefen hagu yana zafi har ba na iya ɗora ta a cinya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne batir, saboda a unguwarmu wuta ba ta da tabbas, kuma da awa biyu da rabi da batirin yake ba ni nake lissafin aikin dare. Sai ya koma bai kai awa ɗaya ba. Data kuma in na haɗa ta da wayata don in aika saƙo guda, kafin in ankara an zuƙe mini ɗaruruwan megabait. A kan wannan duka, kullum sai wata jar sanarwa ta faɗo daga kusurwar allo tana cewa kwamfutata ta yi nauyi, an gano matsaloli masu ɗimbin yawa, in biya kuɗi a gyara mini. Ban kawo wa raina cewa mai sanarwar ce ta jawo nauyin ba, na ɗauka sauran bairos ne ya maƙale a wani lungu.

Ranar Talata bayan an tashi daga makaranta na kai ta wani shagon gyara da ke kusa da gidana. Na tarar da mutum uku a gabana, na jira kimanin minti arba'in, sannan saurayin da ke shagon ya karɓe ta. Bai tambaye ni komai ba bayan na ce ta yi nauyi. Ya ce, “Malam, ai bairos ne, kuma wannan na kyautan ba ya kama manya. Akwai wani mai ƙarfi, zan sa maka shi har da lasisin da ba ya ƙarewa.” Ya zaro filash daga aljihu ya ɗora mata wata manhajar riga-kafin ta biyu a kan ta farkon, ya ce in bar ta awa biyu ta yi sikanin. Na biya naira 4,000, na je na yi Magariba na dawo, ya nuna mini allo mai kore yana cewa komai lafiya. Da na isa gida na kunna ta, sai na ga an gudu ba a tsira ba. Yanzu ko linzamin kwamfutar sai ya riƙa tsalle-tsalle a allo, in na rubuta lamba a Excel sai na ƙirga daƙiƙa huɗu ko biyar kafin ta bayyana, kuma sau biyu a daren nan shafin ya yi fari ya daina amsawa, na rasa makin aji guda da ban riga na adana ba.

Washegari na koma shagon da ƙorafi. Wannan karon hukuncin da ya yanke shi ne ko dai faifan ajiyar ne yake shirin mutuwa, ko kuma a yi mata fomatin a naira 7,000, a goge komai a sake ɗora Windows. Na ce masa sai na yi shawara, domin ba zan bari a goge abin da ba ni da madadinsa ba. A hanya na tsaya na sayi filash mai gigabait 64 a naira 7,000 don in kwashe takarduna. Wannan shi ne mataki guda da ban yi nadamarsa ba a duk tafiyar, amma shi ma ya zo da wahala, saboda fayilolin da ba su kai gigabait 9 ba sun ɗauke ni daga bayan Isha'i har wajen ƙarfe biyu na dare, ina zaune ina addu'ar kada a ɗauke wuta. A lokacin saura kwana tara a miƙa sakamako, kuma shugaban makaranta ya riga ya tambaye ni sau biyu ina aka kwana.

Wani malamin lissafi a makarantarmu ne ya ba ni shawarar in kai ta wajen wani dattijon mai gyara a Titin Beirut, ya ce shi ba ya taɓa na'ura sai ya gane ciwonta. Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe ina can. Shagon ƙarami ne, cike da gawarwakin laftof a kan kanta, janareta tana ruri a bakin ƙofa, kuma na yi zaman benci na awa ɗaya da rabi kafin layi ya zo kaina. Ya gaya mini tun farko cewa kuɗin dubawa naira 3,000 ne, ko ya gyara ko bai gyara ba. Sannan ya yi mini tambayoyi uku waɗanda ba wanda ya yi mini su a baya: yaushe nauyin ya fara, mene ne abu na ƙarshe da aka ɗora mata kafin ya fara, kuma shin tana yin nauyin ko da ba a buɗe komai ba. Da na ba shi amsa sai ya gyaɗa kai, ya kunna ta, muka jira ta tashi, ya danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda. Wani shafi mai suna Task Manager ya buɗe, wanda yake nuna duk abin da ke gudana a cikin kwamfuta da irin kason da kowanne yake ci. Ya ce, “Malam, matso ka gani da idonka.” A saman layin faifai an rubuta kashi 100 cikin 100, ram kuma ya haura kashi 90, alhali ba Word a buɗe, ba Excel, ba burauza. Ya danna kan layin faifan sai sunayen suka jeru daga mai ci da yawa zuwa mai ci kaɗan, kuma guda biyar na sama duk na manhajojin riga-kafin nan biyu ne. Don ya kawar da shakka, ya buɗe wata 'yar manhaja da ke karanta bayanan lafiyar faifai, ta nuna cewa faifan da aka ce yana shirin mutuwa lafiyarsa lau.

Na ce, “Injiniya, to ta yaya abin da aka sa don kariya zai zama shi ne cutar?” Bayanin da ya yi mini, wanda daga baya na ƙara bibiya na tabbatar, shi ne cewa manhajar riga-kafi tana tsayawa ne a tsakanin mai kwamfuta da faifan ajiya, ta yadda duk fayil ɗin da za a buɗe ko a adana ko a kwafa sai ta tare shi ta bincika kafin ta sake shi. In guda ɗaya ce, jinkirin kaɗan ne. In suka zama biyu, sai ta farko ta buɗe fayil don ta duba, ta biyu ta ga an taɓa fayil ita ma ta tare shi, kowacce kuma tana ɗaukar motsin 'yar'uwarta a matsayin abin zargi, sai su yi ta bin sawun juna ba iyaka. Ya ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne irin faifan da nake da shi, wanda faranti ne mai juyawa sau 5,400 a minti da wata 'yar allura da ke kai-komo a kansa tana neman bayanai. Irin wannan faifai in aka sa shi karanta ƙananan fayiloli barkatai, abin da yake iya yi a daƙiƙa bai wuce ɗari ko kusa da haka ba, don haka in manhaja ta jero masa fayiloli dubu ɗari biyu ta ce ya karanta, aikin Excel ɗina sai ya bi layi a bayansu.

Akwai wani ɓangare na bayaninsa da ya shafe mu musamman. Yawancin waɗannan manhajoji an tsara su ne su yi babban bincikensu a lokacin da mai kwamfuta ba ya aiki, bisa zaton cewa na'urar tana kwana a jone da wuta. Windows kanta lokacin da ta ware wa gyare-gyarenta na yau da kullum ƙarfe biyu ne na dare. Mu kuwa da ƙarfe biyun dare laftof tana cikin jaka a kashe, saboda haka duk aikin da aka rasa yi sai ya taru ya jira, da zarar an kawo wuta ka kunna don ka yi naka aikin, su ma a lokacin suke fara nasu. Sannan ya buɗe jerin manhajojin da ke cikin kwamfutar ya nuna mini abin da ni da ɗan yayata muka amince da shi ba mu karanta ba. Manhajar kyautan nan ba ita kaɗai ta shigo ba, ta zo da burauzarta, da manhajar ɓoye adireshin intanet ta gwaji, da mai share shara, da mai sabunta direbobin na'ura, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassanta, da wani ɗan ƙari da ya maƙale a burauzar da nake amfani da ita. Kowannensu yana tashi tare da kwamfutar, kowannensu yana leƙa intanet yana neman sabuntawa, kuma a nan datata take tafiya.

Cire su ya fi sa su wuya nesa ba kusa ba, kuma a nan ne nake ganin mutane da yawa suke karaya. Ta farkon ta yarda a cire ta ta hanyar da aka saba, daga sashen manhajoji na saitin Windows, sai dai ta yi ta jero shafuka tana tambaya ko mun tabbata, tana tayin rangwame, kuma maɓallin cirewa ƙarami ne a ƙasa yayin da na fasawa yake babba mai launi. Bayan ta fita, 'yan rakiyarta ba su bi ta ba, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta biyun kuwa ta ƙi fita sam. Waɗannan manhajoji suna da tsarin kare kai don kada bairos ya kashe su, ga shi kuma wadda aka sa mini an yi mata kutse ne don a kauce wa biyan lasisi, saboda haka abin cirewarta ya lalace. Injiniyan ya shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta ya sauko da manhajar cirewa ta musamman, wadda manyan kamfanonin riga-kafi suke bayarwa kyauta, sannan ya tayar da kwamfutar a yanayin da ake kira Safe Mode, inda Windows take tashi da abubuwan dole kaɗai, ya cire ta daga can. Sau uku aka kashe aka kunna. Muka je muka yi Azahar muka dawo, ya buɗe sashen Startup na Task Manager ya kashe duk abin da ba dole ne ya tashi da kwamfuta ba, ya cire ɗan ƙarin da ke burauza, ya kuma share wasu ayyuka da manhajojin suka bari a jadawalin Windows. Aikin ya kai mu wajen La'asar.

Da ya ce ya gama, sai fargabata ta farko ta dawo, na tambaye shi ko haka zan koma da ita ba kariya alhali kullum malamai suna miƙo mini filash. Ya buɗe Windows Security ya nuna mini cewa Microsoft Defender ya riga ya kunna kansa. Ashe tun Windows 8 da ta fito a 2012 akwai cikakkiyar manhajar riga-kafi a cikin Windows, wadda take janyewa gefe in aka ɗora wata, ta dawo bakin aiki in aka cire. Dalilin da ya sa bairos ɗin filash ya wuce ta tun farko shi ne na shafe watanni ban bar kwamfutar ta yi sabuntawa ba saboda tattalin data, sai bayanan da take gane sababbin bairos da su suka tsufa. Ya sabunta ta a kan intanet ɗin shagonsa, ya kuma gargaɗe ni cewa ita ma za ta riƙa motsa faifai lokaci-lokaci, kada in tsorata in na ga haka na 'yan mintuna. Ya ce in na isa gida in sa ta yi cikakken bincike sau ɗaya a lokacin da akwai wuta kuma ba ni da aiki. Na biya naira 5,000 kuɗin aiki a kan 3,000 na dubawa.

Ranar Lahadi da safe na yi binciken, ya ɗauki kusan awa huɗu, kuma abu guda da ya kama shi ne fayil ɗin kutsen da aka sa mini a shagon farko. Daga ranar kwamfutar ta koma tashi cikin minti biyu, fanka ta yi shiru, batir ya koma ba ni fiye da awa biyu, kuma na miƙa sakamako saura kwana biyu wa'adi ya cika. Da na zauna na yi lissafi, na kashe naira 19,000 ban da data da kuɗin adaidaita sahu, a kan matsalar da danna maɓalli uku ya isa ya nuna mini tushenta tun ranar farko.

Daga baya na karanta wani abu da ya sa na ƙara taka-tsantsan da kalmar kyauta. A shekarar 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin Avast ya biya dala miliyan 16.5 bisa zargin sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa suke ziyarta, ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Ba manhajarsu ce a kwamfutata ba, amma labarin ya nuna mini cewa aikin da irin waɗannan manhajoji suke yi a bayan fage ba lallai ne duka don amfanin mai kwamfuta ake yin sa ba. Kamfanin da ya ba ka kaya ba ka biya ba dole ya nemi kuɗinsa ta wata ƙofa, ko ta talla, ko ta jar sanarwa mai tsoratarwa har ka sayi babbar manhajarsa ta kuɗi.

Ga wanda kwamfutarsa ta yi nauyi ba zato, shawarata ita ce ya fara tambayar kansa abin da aka ɗora mata na ƙarshe, sannan ya buɗe Task Manager ya bar ta minti goma ba tare da ya buɗe komai ba, ya ga sunan da ke saman jeri. Kada ya yarda da fomatin ko sayen sabon faifai kafin a nuna masa wannan shafin, kuma kafin kowa ya taɓa masa na'ura ya kwashe takardunsa zuwa wani wuri. Kada a haɗa manhajar riga-kafi biyu, kada kuma a karɓi wadda aka ce lasisinta ba ya ƙarewa daga filash ɗin wani. Wanda ya fi son ta wani kamfani a kan wadda ke cikin Windows yana da 'yancinsa, kuma akwai masu kyau, sai dai ya karanta kowane shafi yayin ɗorawa ya cire alamar amincewa daga kayan rakiya, ya kuma shiga saitinta ya mayar da lokacin babban bincike zuwa sa'ar da ya san ba ya aiki. Ban yarda da masu cewa a kashe kariya gaba ɗaya don kwamfuta ta yi sauri ba, musamman ga irinmu da filash yake yawo hannu zuwa hannu. Ni yanzu duk ranar Juma'a nakan ware data kaɗan in bar ta ta sabunta, kuma duk filash da aka miƙo mini sai na danna shi da maɓallin dama na sa an bincika shi kafin in buɗe.

A hutun da ya biyo baya na koma wajen injiniyan ya canza mini faifan zuwa SSD, wanda ba shi da faranti ko allura, ya kuma ƙara ram ya zama gigabait 8. Yanzu ko ana bincike a bayan fage ba na jin sa. Abin da ya rage mini shi ne batun Windows 10 kanta, wadda Microsoft ta daina tallafa mata a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ga shi kuma laftof ɗina ta girmi jerin na'urorin da Windows 11 take karɓa. Injiniyan ya ce in kawo ta bayan jarrabawar zango mai zuwa mu zauna mu duba abin da ya fi dacewa da aljihuna.